Kuɗin haya zai tashe mu daga Kubwa, ina za mu nufa?

Assalamu alaikum Anti. Shekararmu tara a Kubwa, ni da Abban yara da 'ya'yanmu uku. Shi ma'aikaci ne a wani kamfani a Wuse, albashinsa naira dubu 320 a wata. Ni kuma tela ce, ina da keke biyu da yarinya ɗaya mai taya ni, a wata nakan samu kamar dubu 100, lokacin sallah ya fi haka. Mai gidan da muke ciki ya aiko cewa haya ta tashi daga miliyan 1.3 zuwa miliyan 2, kuma saura wata biyar kuɗinmu ya ƙare. Abban yara ya ce ni da yara mu koma garinsu a kudancin Katsina, akwai sashensa a gidan gado, Hajiyarsa ma ta daɗe tana son jikokinta su dawo kusa da ita. Shi kuma zai kama ɗaki ɗaya a nan, ya riƙa zuwa mana ƙarshen wata. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Babbar 'yarmu tana aji 3 a ƙaramar sakandare, autanmu kuma yana da sikila. Yayata da ke Kaduna ta ce mu dawo can, wata ƙawata kuma ta ce a Suleja an nuna mata gida irin namu a kan dubu 800. Duk sanda na ɗauko maganar sai ya ce na saba da daɗin Abuja ne, ba na son danginsa. Wallahi ba haka ba ne. Anti, ina ya fi dacewa da mu?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta takardarki har sau biyu, kuma kafin mu shiga maganar garuruwa ina so in cire miki wani nauyi daga zuciya. Rashin kwanciyar hankalinki ba son zuciya ba ne. Macen da take da yaro mai sikila, da 'ya mai shirin jarrabawa, da sana'ar da ta yi shekara tara tana ginawa, dole ta tsaya ta yi tambaya kafin a ɗaure kaya. Haka shi ma Abban yara ba muguntar raba ki da Abuja yake yi ba. Miliyan 2 a shekara kusan dubu 167 ke nan duk wata, fiye da rabin albashinsa, tun ba a sayi kwanon shinkafa ko an biya kuɗin makaranta ba. Magidancin da ya kwana da wannan lissafi a kansa, gidan ubansa ne zai fara faɗo masa a rai, domin can ne kaɗai ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa ya ce lokaci ya yi. Ku biyun tsoro ne ke cin ku, kowa da ɓangaren da yake hange.

Kuma ba ku kaɗai ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Siminti ya bi, kuɗin mota ya bi, masu gidaje ma suka bi. Iyalai da yawa irin naku suna ta janyewa daga tsakiyar Abuja zuwa gefe, wasu daga gefen zuwa gida.

Ga abin da nake so ki riƙe a duk cikin maganar nan. Arahar gari ba a kuɗin hayarsa kaɗai ake gane ta ba. Ana gane ta ne da abin da ya rage a hannunku ƙarshen wata bayan kun yi rayuwarku ta yau da kullum a cikinsa. Rayuwarku kuwa ƙafa huɗu gare ta: aikinsa a Wuse, ɗinkinki, asibitin auta, da makarantar yara. Duk garin da za ku auna, ki ɗora waɗannan huɗun a kansa ki ga wacce za ta tsaya, wacce za ta karye.

Mu fara da gida, tunda shi ne a bakin Abban yara. Gaskiya ne ba haya, kuma abinci ya fi sauƙi a ƙasar noma, masara da wake da kayan miya duk a kusa. Akwai dangi, akwai mai riƙe miki yaro in kina da uzuri, yara za su san 'yan uwansu, Hajiya za ta ji ɗumin jikokinta. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, kada ki bari ya ji kamar kin raina su. Amma ki duba abin da ke ɗaya gefen sikelin. Ɗakin da zai kama a Abuja kuɗi ne, da nasa kuɗin dillalin. Abincin da zai riƙa saya a waje safe da dare kuɗi ne, kuma tukunya biyu ba ta taɓa zama daidai da tukunya ɗaya. Zuwa da dawowa duk wata ta Kaduna da Zariya kuɗi ne, ga gajiya, ga zullumin hanya. Sannan babban abin da ban ji an sa a lissafi ba, dubu 100 ɗinki. A shekara miliyan 1.2 ke nan, kusan daidai da hayar da kuke biya yanzu. Matan da ke kawo miki ɗinki a Kubwa ba za su bi ki Katsina ba, kuma abin da matar ma'aikaci take biya a kan doguwar riga a Abuja ba shi za a biya ki a can ba. Za ki sake samun masu kawo aiki, in Allah ya so, amma sai a hankali kuma a farashin garin. To idan aka haɗa ɗakinsa da cinsa da motarsa da abin da zai zube daga hannunki, gidan da aka ce kyauta ne zai iya cinye abin da ya kai hayar Suleja, ko ya wuce.

Maganar auta kuwa ita ce ta fi tsaya min a rai. Kin fi ni sanin cewa ciwon sikila ba ya sallama kafin ya tashi, kuma sau da yawa cikin dare yake zuwa. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da zazzaɓin cizon sauro duk suna tayar da shi, sanyin hunturu kuma ya fi kaifi can arewa fiye da nan. Zazzaɓi a jikin yaro mai sikila ba abin da ake jira gari ya waye ba ne. Saboda haka tambayar ba ita ce ko akwai asibiti a garin ba. Tambayar ita ce, ƙarfe biyun dare wa zai ɗauke ku, minti nawa za ku yi a hanya, akwai likita a lokacin, kuma idan ana bukatar ƙarin jini ana samu a nan ko sai an tura ku asibitin koyarwa na Shika a Zariya? Idan kamfaninsu yana biya muku inshorar lafiya, ya tambaya ko akwai asibitin da ke karɓarta a can. Ba na cewa ba a rainon masu sikila a ƙananan garuruwa, ana yi, iyaye da yawa suna fama kuma Allah yana rufa asiri. Amma uban yaron zai kasance tafiyar yini guda daga gare ku, wannan kuma dole a faɗe shi a fili.

Akwai kuma abin da ba ki rubuta ba amma na ji shi a ƙarƙashin maganarki. Zaman gidan gado ba tare da miji a kusa ba zama ne mai bukatar haƙuri mai yawa, ko da mutanen gidan na kirki ne. Hausawa suka ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Hajiyar da kuke mutunta juna daga nesa, da faccaloli da dangin miji da kuke gaisawa da fara'a ranar sallah, zama wuri ɗaya yakan kawo 'yan ƙananan maganganu a kan girki da tarbiyyar yara da fita unguwa. Tsoron wannan ba ƙin dangi ba ne, sau da yawa ma son a tsira da mutuncin juna ne. Malamai sun yi bayani cewa matsuguni haƙƙin mace ne a kan mijinta gwargwadon ƙarfinsa, don haka kina da bakin magana a kan inda za a ajiye ki. Sai dai ki lura da gwargwadon ƙarfinsa ɗin, domin shi ma yana cikin hukuncin.

Kaduna ta fi gida kusa da bukatunku. Akwai yayarki, wadda za ta iya buɗe miki ƙofar masu ɗinki ta hanyar ƙawayenta da bukukuwan unguwa. Akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da Asibitin Sojoji na 44, makarantu kuma sai wanda kuka zaɓa. Jirgin ƙasa da ya fara aiki a 2016 yana tsayawa a Kubwa ya sauke a Rigasa, don haka Abban yara zai iya zuwa duk Juma'a ya koma Lahadi ko asubahin Litinin, maimakon sau ɗaya a wata. Amma kada ku gina rayuwarku kacokan a kan jirgin. Bayan harin da aka kai masa a watan Maris na 2022 sai da ya yi wata takwas ba ya tafiya, tikiti kuma yakan yi wuya a ƙarshen mako. Sannan Kaduna ba ta warware matsalar tukunya biyu ba, ta ma ƙara mata haya biyu, taku a can da tasa a nan. Ni a ganina Kaduna za ta yi kyau ne idan akwai alamar za a iya mayar da aikinsa can, ko kamfanin zai yarda ya riƙa yin wasu kwanaki daga gida. Ya tambaya, tambaya ba ta ɓata komai. In babu wannan, ki ajiye ta a matsayi na biyu.

Inda zuciyata ta fi karkata shi ne ku matsa gefe kaɗan ku zauna tare. Ki duba hanyar da kuke kai. Daga Kubwa in aka miƙe akwai Dei-Dei, akwai Zuba, a tsallaka Jihar Neja a samu Madalla da Suleja. Ta ɗaya hannun akwai Dutse da Bwari. Duk wanda ya fito daga Suleja zai tafi Wuse, ta gaban Kubwa zai wuce. Ma'anar wannan a gare ki babba ce, masu kawo miki ɗinki ba su ɓace ba. Kina da awonsu a littafi, kina da lambobinsu, za su turo samfuri ta WhatsApp, a ajiye yadi a shagon wata aminiya a Kubwa, Abban yara ko yarinyarki su karɓo su mayar. Asibitin da ya san auta da katinsa yana nan inda za ku iya kaiwa, ga babban asibiti a Suleja don gaggawa, ga Asibitin Koyarwa na Gwagwalada ta hanyar Zuba idan abu ya yi tsanani. Suleja kuma gari ne na Hausawa mai tsohon tarihi, da kasuwa da Islamiyyu da maƙwabta irin waɗanda kika saba da su, ba za ki ji baƙunta ba.

Ɓangaren Nyanya da Mararaba da Masaka har Keffi shi ma akwai sauƙin haya, amma ba zan tura ku can ba. Cunkoson hanyar da safe da yamma sananne ne, kuma zai raba ki da masu ɗinkinki gaba ɗaya, tunda sai an ratsa birnin kafin a zo Kubwa.

To amma araha ba ta ado, don haka mu yi wa Sulejar ma lissafi tsakani da Allah. Mu ɗauka gidan dubu 800 ɗin gaskiya ne. Tsakaninsa da miliyan 2 akwai miliyan 1.2. Mu ɗauka kuɗin motar Abban yara zai ƙaru da dubu 2 a rana, wannan misali ne kawai, ku sa ainihin abin da direbobi suka faɗa muku. A kwana 22 na aiki dubu 44 ke nan a wata, dubu 528 a shekara. A shekarar farko a ƙara kuɗin dillali da na lauya, waɗanda galibi kashi goma-goma ne cikin ɗari, da kuɗin ajiya da ake riƙewa saboda ɓarna, da motar kwasar kaya, da rajistar sabuwar makaranta da kayan makaranta na yara uku. Za ki ga ribar shekarar farko ba ta da yawa, sai a ta biyu za ku fara numfashi. Akwai kuma farashin da ba na kuɗi ba, shi zai biya shi da jikinsa: fita da duhun asuba, dawowa bayan isha'i, da kaffa-kaffa da motocin 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi, idan dare ya yi. Ki faɗa masa da bakinki cewa kin ga wannan kuma kin san nauyinsa. Namiji yakan ɗauki wahala da sauƙi idan ya san an gani.

Kafin ku ba kowa ko sisi, ku je da ƙafarku, zuwa da kai ya fi aike. Kada ku je ranar Lahadi da rana lokacin da ko'ina yake shiru. Abban yara ya kwana ɗaya a can wurin wani aboki, ya fito ranar Litinin da safe ya ga ƙarfe nawa zai isa ofis da nawa zai kashe. Ke kuma ki shiga gidan maƙwabta ki gaisa da matan, su ne za su gaya miki abin da dillali ba zai faɗa ba. Ki tambayi wuta, domin ke wuta jari ce, dutsen guga da keken surfani ba sa aiki da alkawari. Ki tambaya awa nawa ake samu a rana, kuma layin wane rukuni ne, tunda daga Afrilun 2024 'yan rukunin A suna biyan kuɗi mai tsada sosai a kan alkawarin awa 20. Ki duba ko gidan yana da mitarsa mai kati shi kaɗai, kuma ko akwai tsohon bashi a kanta. Ki tambayi ruwa, rijiya ce ko burtsatse ko sai 'yan garuwa, nawa ake sayar da kura, kuma rijiyar tana kaiwa watan Afrilu ko tana ƙafewa. Ki dubi gindin katanga, idan akwai layin danshi ko gansakuka to ruwa yana kwanciya da damina, inda ruwa ke kwanciya kuwa sauro yana nan, kuma kin san abin da sauro yake nufi ga auta. Ki tambayi tsaro a layin, akwai 'yan sintiri, ƙarfe nawa mutane ke rufe ƙofa. Sannan kuɗi kada ya fita sai kun ga mai gidan ido da ido ko wakilinsa na gaskiya, a biya ta banki, a karɓi rasit da takardar yarjejeniya. Mutane da yawa sun biya dillali kuɗin gidan da aka riga aka ba wani.

Kada kuma ku ɗauka maganar gidan da kuke ciki ta mutu. Shekara tara kuna biya ba rigima, wannan abu ne da masu gidaje suke daraja shi, domin sabon ɗan haya ba a san halinsa ba, kuma gida yakan yi watanni a rufe kafin a samu wani. Abban yara ya je da kansa, ko ya tafi da wani dattijo da mai gidan yake jin nauyinsa, ya nemi ragi, ko biya kashi biyu, ko ƙarin 'yan watanni a tsohon farashi. Ku ɗauko takardar yarjejeniyarku ku nuna wa lauya, domin a Abuja mai biyan haya shekara-shekara yana da haƙƙin sanarwar wata shida kafin a tashe shi, sai fa idan takardar ta tsara wani abu daban. Abin da kuke nema da wannan shi ne lokaci. Babbar 'yarku ta rubuta jarrabawar aji 3 a makarantar da ta yi mata rajista, sannan ku tashi a dogon hutu, yara su fara sabuwar makaranta a watan Satumba tare da kowa.

Yanzu yadda za ki tunkare shi. Ki daina buɗe maganar da cewa ba za ki je ba, domin da ya ji haka kunnensa yake toshewa, abin da yake ji kawai shi ne an ƙi mahaifiyarsa. Ki zaɓi daren da ya ci ya huta, yara sun yi barci, ki ɗauko takarda da biro ki ce, Abban wane, zo ka taya ni wannan lissafin, kaina ya kulle. Ku rubuta gida, ku rubuta Kaduna, ku rubuta Suleja, a ƙarƙashin kowanne ku sa abin da zai shigo da abin da zai fita. Ki bar shi ya riƙe biron. Ki sa kuɗin ɗinkinki a fili, ki faɗi abin da za ki iya ɗauka da yardar ranki, ko kuɗin makarantar yaro ɗaya ne ko cefanen rabin wata, amma kada ki yi alkawarin abin da zai karya jarinki. Ki gaya masa kuma dalilin da ya fi kowanne gaskiya, cewa ba kya son yaranku su tashi suna ganin ubansu kwana biyu a wata, kuma ba kya son shi ma ya zauna shi kaɗai a ɗaki yana cin abincin sayarwa alhali yana da iyali.

Hajiya ma a ba ta haƙƙinta a cikin tsarin, kuma ya fi daɗi shawarar ta fito daga bakinki. Yara su riƙa yi mata dogon hutu, ku yi sallah ɗaya a can duk shekara, a ware mata wani abu duk wata daga abin da aka rage na haya, a kuma gyara sashen nasa a hankali domin ranar da zai bar aiki. Idan sabon gidan yana da ɗaki, a gayyato ta ta zo ta yi wata guda. Tsohuwa ba lallai sai an tare a gabanta take so ba, sau da yawa abin da take nema shi ne ta tabbata ba a manta da ita ba.

Idan kuma bayan duk wannan ya tsaya a kan sai gida, ko lissafin ya nuna ƙarfinsa iya nan ya kai, to kada ki mayar da shi yaƙi. Ki nemi a yi shi a matsayin gwaji na shekarar karatu ɗaya, bayan jarrabawar 'yarku. Ki nemi sashenki ya zama da ƙofarsa da madafinsa da banɗakinsa. Ku je ku ga asibitin tare kafin ku tare, ku karɓo takardar bayanin auta daga likitansa, ku san mai motar da za a kira da dare. Ki tafi da kekunanki duka biyu, kada ki sayar da ko ɗaya. Ku kuma sa ranar da za ku sake zama ku duba ko tsarin yana tafiya.

Ku yi istihara ku biyun, sannan a cikin makon nan ki kira ƙawar taki ki ce ta haɗa ku da wanda ya nuna mata gidan, ku sa ranar Asabar ku je ku gani tare da Abban yara. Allah ya ba auta lafiya, ya zaɓa muku inda ya fi alheri. Ki rubuto min abin da kuka tarar.